Layar Da Inna Ta Ɗaura Min Ba Laya Ba Ce

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manyanku da yaranku, da fatan kowa ya tashi lafiya da iyalinsa. Admin ka sakaya sunana, sunayen da za ku gani a ciki ma duk na sauya su. Don Allah shawararku nake roƙo, kuma ta gaggawa, don wadda maganar ta shafa tana kwance a Kudan, Allah kaɗai ya san kwana nawa suka rage mata.

Ni tsohuwa ce, na doshi tamanin, an haife ni a wani ƙauye tsakanin Ikara da Paki. Ban taɓa shiga aji ba sai da na aurar da 'ya'yana kaf, maigidana ya rasu, sannan na shiga yaƙi da jahilci a Makarfi, ina zaune benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana suna ƙunshe dariya. Saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutuna ya haɗiye abinsa, kwana uku na yi ina danna wannan da yatsa ɗaya. Kuma kada wani ya zo ya rubuta min Allah ya kyauta ya wuce, na ji wannan har ya ishe ni, in ba ka da abin faɗa ka bar wa masu shi fili.

Abin ya faru ne shekara biyu ko uku bayan Turawa sun miƙa mana mulki, ina 'yar sha huɗu, ina tallan ƙuli da dakuwa. Babanmu, zan kira shi Malam Tanko, manomi ne yana kuma ɗan fataucin dawa, mutum ne mai kwarjini, in ya yi magana a bakin masallaci ba mai ƙarawa. A lokacin hukuma ta yi shela tana neman wanda zai riƙa kai hatsi wata makarantar kwana ta gwamnati har shekara guda. Da can manyan 'yan kwangilar birni kaɗai ke samun irin wannan, sai aka ce yanzu ƙasa ta dawo hannunmu, kowa na iya nema. Yadda ake yi, ka rubuta farashinka a takarda, a liƙe ambulan, a jefa a wani akwati mai kwaɗo a ofis, sai ranar da aka sa za a buɗe. Amma ba a karɓar takardarka sai ka ajiye kuɗi a hannun hukuma, kuɗin ajiya ake ce musu, don a tabbatar ba wasa ka zo yi ba. Mu mutanen ƙauye rabin dokar muka sani, wato in ka faɗi a mayar maka da kuɗinka cif. Ɗaya rabin ba wanda ya gaya mana, cewa in kai aka zaɓa sannan ka ce ka fasa, kuɗin sun zama na hukuma, ko za ka yi kukan jini ba za su dawo ba. Ku riƙe wannan da kyau, a nan komai ya rataya.

Baba ba shi da kuɗin ajiyar shi kaɗai, sai ya tara magidantan unguwa. Wannan ya sayar da ɗan maraƙinsa, wancan ya sayar da gyaɗar da ya ware ta iri, har da wata tsohuwa da ta kawo tasoshin ɗakinta aka kai kasuwa. Aka yi da su cewa in an ci, dawarsu za a riƙa saya ana kaiwa, in an faɗi kowa ya karɓi abinsa.

Akawun da ke karɓar kuɗin a ofis sunansa Malam Isiyaku, baƙo ne aiki ya kawo shi, amma a unguwarmu ya sayi gida. Dogo ne siriri, kullum da alƙalami a kunne, ya hau kekensa da safe ya tafi Ikara ya dawo da la'asar. Abokin Baba ne sosai, ya sha cin tuwo a zaurenmu, shi ne ma ya cika wa Baba takardar neman kwangilar. 'Yarsa Ladidi kuwa ƙawata ce ta ƙut da ƙut, tare muke talla, zanen sallarmu iri ɗaya ake yanka mana, in an doki ɗaya ɗayar ce ke kuka.

Tsakanin jefa takarda da buɗe akwati wata biyu ne, a cikinsu dawa ta yi tashin da ba a zata ba, wai damina ba ta yi kyau can arewa ba, fataken Kano suka shigo da manyan motoci suna saye ba ciniki. Farashin da Baba ya rubuta ya zama asara tsagwaronta. Ni da idona na ga motar Kano ta kwashe rumbunanmu uku a wuni ɗaya, ban kawo komai a raina ba, murnar alewar da direban ya ba mu nake yi.

Bayan an buɗe akwati sai Baba ya tara mutane ya ce an faɗi, wani ɗan birni ya ci. Suka ce to Allah bai nufa ba, a kawo musu kuɗinsu. Ya ce ya je karɓa akawu na ta yi masa yawo da hankali, yau ya ce ma'aji ba ya nan, gobe ya ce makulli ya ɓata, daga ƙarshe ya ce babu kuɗi. Gari ya ɗauki zafi, aka taru a ƙofar gidan dagaci da hantsi, mu 'yan mata muka laɓe bayan zana muna leƙe, Ladidi na gefena tana riƙe da hannuna. Malam Isiyaku ya tashi ya faɗi nasa a natse, ya ce Malam Tanko ne ya ci kwangilar, shi da kansa ya zo ya ce ya janye, an karanta masa doka ya ce ya ji, ya dangwala yatsa, an ba shi takardarsa, kwafinta yana littafi a Zariya. Mutane suka kwashe da dariya, wai ina aka taɓa jin mutum ya ci kwangilar gwamnati ya ce ba ya so? Wani ya ce littafin ma in an kawo wa zai karanta mana in ba wani akawun ba, ai bakinsu ɗaya. Baba ya ce shi ba a ba shi wata takarda ba.

Dagaci ya ce to sai rantsuwa. Malam Isiyaku ya ce shi ya yi wa mahaifinsa alkawari ba zai taɓa dafa Alƙur'ani a kan kuɗi ba, ko da gaskiyarsa. Aka ce tunda ya ƙi, rantsuwa ta koma kan Malam Tanko. Baba ya ce a ba shi buta. Ya tsuguna ya fara alwala a hankali, wurin ya yi tsit har ana jin zubar ruwan a ƙasa. Liman ya ɗauko Littafin yana kwance gafakarsa. Baba ya wanke ƙafar dama, ya ɗaga ta hagu kenan sai Malam Isiyaku ya miƙe ya ce, "Liman, mayar da shi gafaka. Tanko, zauna. Ku ɗauka na ci, zan biya."

Kowa a wurin ya ce ga shi ya amsa da bakinsa, tsoron rantsuwar mai gaskiya ya kama shi. Ladidi ta saki hannuna. Ya sayar da keken, ya sayar da agogonsa, ya sayar da gidan, ya biya kowa har tsohuwar mai tasoshi.

Yanzu ga nawa laifin, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Ni tun ina yarinya bakina ya fi ƙarfina, kuma na iya ƙaga waƙa. Ran kasuwa da la'asar muna gaɗa a dandali na shiga tsakiya na ba da wata sabuwa, na sa masa suna Ci-ajiya, 'yan mata suka amsa, tafi ya ɗauka. Ladidi na cikin da'irar. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba, ta ɗauki farantin tallarta ta kalle ni ta tafi. Kafin wata ya mutu 'yan talla sun kai waƙar Makarfi, sun kai ta Kudan. In ya zo wucewa yara su bi shi da ita, in matarsa ta aika sayen nama mahauci ya ce a fara ba shi kuɗin a hannu. Ofis ba su kore shi ba, su sun san abin da ke littafinsu, shi ya ajiye aikin don kansa ya kwashe iyalinsa ya koma Kudan, ya tarar waƙar ta riga shi isa. Ya zauna a gindin bishiya yana rubuta wa mutane wasiƙa, bai daɗe ba ya rasu, aka ce sahu ɗaya bai cika ba a jana'izarsa. Wanda ya kai kuɗin neman Ladidi ya aiko a mayar masa. Har yau ɗin nan in ka je unguwarsu kana kwatance, sai ka ce gidan Ci-ajiya kafin a gane.

Mu kuwa Baba ya sayi fadamar rake, ya je Makka, ya gina masallacin da har yanzu da sunansa ake kiransa.

Ranar da za a kai ni ɗakin miji Inna ta ja ni ƙuryar ɗaki ta ɗaura min wata laya a ƙugu. Ta ce, "Wannan ba ta ciwo ba ce, ba ta bakin mutane ba ce. Kada dai ki jiƙa ta, kada ki ba kowa." Shekara kusan arba'in tana jikina, da ita na haifi 'ya'ya tara. Ina shekara ta biyu a ajin manya fatar ta tsage, na kai wa baduku a Makarfi ya sake min ɗinki. Yana warwarewa ya ce Hajiya wannan ai ba rubutun malamai ba ne, boko ne, har da kan sarki na hukuma. Na fizge abata na koma gida. Kwana uku ina haɗa baƙi da wasali, da Hausa aka buga ta da tafireta. Takardar ta ce an zaɓi Malam Tanko, ya zo ya ce ya janye, an sanar da shi kuɗin ajiyarsa sun shiga baitulmali bisa doka, ya yarda. A ƙasa ga dangwalen babban yatsa da shuɗin tawada, wani farin layi ya ratsa tsakiyarsa. Lauje ne ya taɓa yanka Baba a nan, yatsan da nake wasa da shi ina ƙarama, ko a cikin dubu zan gane shi.

A ranar na fahimci abin da na gani ta bayan zana. Ba tsoro ne ya miƙar da Malam Isiyaku ba. Ya ga abokinsa zai dafa Littafin Allah a kan ƙarya, ya sayi rantsuwar nan da gidansa da sunansa. Ni kuma na biya shi da waƙa.

Ban san ko Inna ta san abin da ke ciki ba, ba ta iya karatu ba. Wataƙila Baba ya ba ta ya ce ta jefa murhu, ita kuma irin mutanen da ne, ba sa ƙona takardar hukuma, ko rasit ɗin haraji sai sun ɗinke shi a fata. Amma mu bakwai ta haifa, me ya sa ni ta ɗaura wa, ni da na yi waƙar? Wannan tambayar ta hana ni sakewa har yau.

A lokacin na je na sami ƙanena Alhaji Garba, shi ne babban gida yanzu, fadamar ma a hannunsa take. Na karanta masa. Ya ce Baba ya rasu, akawu ya rasu, in ƙona ta kawai. Na ce masa na ƙona, ƙarya na yi. Shekara ashirin da ɗoriya kenan. Ni da aka sani ba na raga wa kowa, na taɓa tare ciyaman a bainar jama'a kan maganar rijiyar burtsatse har sai da ya shige mota, amma a kan wannan bakina ya mutu. Sau ɗaya muka haɗu da Ladidi a gidan ta'aziyya a Makarfi, ita ta fara gaishe ni, ta tambayi gwiwata, ta ce in riƙa shafa man shanu da ɗumi. Takardar na ƙuguna a lokacin, na ce mata na gode.

Sati biyu da suka wuce ɗanta ya zo, tsohon hedimasta ne ya yi ritaya, da furfurarsa ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce jikin mahaifiyarsa ya yi tsanani, asibiti a Zariya sun ce a mayar da ita gida. Ya ce kafin kakansu ya cika ya gaya mata akwai takarda a gidan Tanko in ba su ƙona ba, ita kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta ce in gaya miki ba ta neman komai a wurinku. Tambaya ɗaya gare ta, kuma ta ce ke ba kya iya ƙarya in an kalle ki cikin ido."

Garba ya ga motar hedimastan a ƙofar gida, ko la'asar ba a yi ba sai ga shi. Ya fara da lallami, Yaya kaza Yaya kaza, ya ce in ba shi takardar ya adana min. Na ce ba na gaya maka na ƙona ba? Ya ce Yaya ke da ko tsumma ba kya iya yarwa. Daga nan murya ta sauya. Ya ce in maganar nan ta fita jikokin akawu za su ce a biya su gidan kakansu, daga nan a taɓa fadama, fadamar da ta ciyar da 'ya'yana ta kai ni Makka. Ya ce ɗansa na neman kansila, 'yan hamayya jira suke. Ya ce in yi tunanin masallacin, wa zai ƙara kiransa da sunan Baba? Ni ma ban bar shi ba, na ce masa ni na goya shi har ya yi min fitsari a baya, ba zai zo ɗakina ya koya min darajar ubana ba. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi, bai ko waiwayo ba ya ce, "In kin je Kudan, ki nemi mai yi wa gawarki salla a can."

Tun ranar abubuwa suka fara sauyawa. Matan da ke shigowa gaishe ni yanzu sai su riƙa yi min magana a hankali kamar jaririya, wata har ta tambaye ni ko na san yau wace rana ce. 'Yata da ke aure a Kaduna ta bugo waya tana kuka, wai Kawu ya ce na fara ruɗewa, ina kiran sunayen matattu, za su zo su kai ni ganin likita. Na gane abin da yake shiryawa, yana so ranar da na buɗe baki a ce tsufa ne ke magana. Mai mashin ɗin da ke kai ni ko'ina shekara da shekaru, duk na kira sai ya ce tayarsa ta yi faci. Ran Juma'a na shiga maƙwabta barkar haihuwa, na dawo na tarar an buɗe adakata, ba a ɗauki ko allura ba, amma duk wata laya da na mallaka, har da ta marigayi maigidana, an farke ta da reza an jera min su a kan gado a tsanake. Takardar ba ta cikinsu. Ba zan faɗi inda take ba, don na san akwai 'ya'yansa a zauren nan, in kuna karantawa ku gaya masa na ga aikinsa.

Na tambayi wani malami a kaikaice, ya ce rufa asirin mamaci wajibi ne, da na ƙara masa bayani ya ce haƙƙin bawa kuwa ba ya faɗuwa, da ya gane gidan da nake nufi sai ya ce zai duba littafi. Har yau yana dubawa, buhun shinkafarsa na azumi daga wurin Garba yake zuwa.

Ga abin da ya tsaya min. Baba ubana ne, bai taɓa ɗaga min hannu ba, yana kabari ba shi da bakin kare kansa, ban sani ba ko tonawar za ta sauƙaƙa masa ko kunya kawai zan ƙara masa. Kuma shi Malam Isiyaku da kansa ya zaɓi ya rufa masa asiri, ya biya da duk abin da ya mallaka, ni wace ce da zan warware abin da ya ƙulla? Amma shi ya zaɓa, Ladidi ba ta zaɓa ba, jikokinsa ba su zaɓa ba. Shekaranjiya ina zaune a tsakar gida na ji 'yan matan maƙwabta suna tafa hannu da waƙar nan, ba su san ko waye ba, amma sunan na nan a ciki daram kamar jiya na sa shi.

In je in raɗa wa Ladidi a kunne mu biyu, in dawo da takardata, ta tafi da sanin gaskiya ita kaɗai? Ko in damƙa wa ɗanta takardar, duk abin da zai faru da fadama da masallaci ya faru? Ko kuwa tunda a dandali na ɓata Malam Isiyaku a gaban kowa, dole a gaban kowa zan wanke shi? In na yi haka kuma aka ce haukar tsufa ce, wa zai tsaya min?

Yau da safe hedimastan ya bugo, ya ce mahaifiyarsa ta daina karɓar kunu, ta sa an juya mata gado yana kallon ƙofa. Jibi akwai motar kasuwa da ke zuwa Makarfi, daga can Kudan ba nisa, kuma da sandata zan iya kaiwa bakin titi ko ba mashin. Ku gaya min abin da zan yi kafin jibi. Wanda duk ya ce in je, ya haɗa min da kalmar da zan fara da ita in ta kalle ni, don kwana uku ina nema, duk na buɗe baki waƙar ce ke fara zuwa.